Yadda Za Ka Gwada Injiniyan Netwok Mai Satifiket Kafin Ka Ɗauke Shi Aiki a Kumasi

A Kumasi yau da wuya ka sami wajen aiki mai ma'aikata ashirin da bai dogara da netwok ba. Asibitin kuɗi a Tafo, makaranta a Asawase, otal a Ahodwo, kantin sari a Adum mai rassa uku, ko ƙaramin kamfanin da ke raba intanet gida-gida a Aboabo, duk ranar da layi ya ɗauke sai aiki ya tsaya cik. Daga nan a ce a nemo injiniya. Ka sa talla, kafin mako ya zagayo takardu sun cika tebur, kusan kowace da haruffan nan huɗu a samanta: CCNA, satifiket ɗin ƙwarewa a netwok na kamfanin Cisco. Wasu har da CCNP, matakin da ke sama da shi, da MTCNA na MikroTik, da HCIA na Huawei.

Satifiket ɗin ba abin rainawa ba ne. Jarrabawar CCNA ta yanzu, mai lamba 200-301, wadda Cisco ya fito da ita a Fabrairun 2020, dala 300 ake biya a zauna minti 120. Yaron zango da ya tara wannan kuɗi a sidi ya cancanci a ga ƙoƙarinsa. Sai dai iyakar shaidar takardar ita ce mutum ya amsa tambayoyi daidai wata rana a ɗaki mai sanyi. Ba ta faɗa maka abin da zai yi ranar Litinin da safe, an ɗauke wuta an dawo da ita, siwic, na'urar da ke haɗa wayoyin netwok na ofis, ya tashi babu saitinsa, akanta na tsaye a kansa yana jiran ya tura albashi. Ga kuma damps, tambayoyin jarrabawa da ake sacewa ana yaɗawa a Telegram da WhatsApp. Mai kaifin hadda zai iya cinyewa da su alhali bai taɓa sa wayar konsol, wadda ake shiga saitin na'ura da ita, a jikin rauta ba, wato na'urar da ke haɗa netwok da waje. Ɗaukar mutum a kan takarda kaɗai cinikin biri a sama ne.

Mataki na farko: rubuta aikin kafin ka rubuta tambayoyi

Ɗauki biro ka zagaya ginin. Rubuta abin da ke cikin rak, akwatin da ake jera na'urorin netwok, da abin da ke manne a silin: rautar wane kamfani ce, siwic nawa ne, waɗanne ake iya shiga a saita, AP (na'urar watsa Wi-Fi) nawa, kyamarori nawa, layin wa kuke hawa, MTN ko Telecel ko wani, akwai na biyu ko babu. Yawancin ƙananan wurare a garin nan ba Cisco ne a rak ɗinsu ba. MikroTik ne da Ubiquiti da TP-Link da kyamarorin Hikvision, wani lokaci katangar tsaro ta FortiGate guda a bakin ƙofa. In haka wurinka yake, babu amfanin tsare mutum da tambayoyin BGP, tsarin da manyan netwok ke musayar hanyoyi da shi, da ka kwaso a intanet daren jiya.

Sannan ka tambayi ma'aikata matsaloli biyar na ƙarshe da suka dame su. Za ka ji irin su: firinta tana ɓacewa duk lokacin da aka ɗauke wuta; Wi-Fi na hawa na biyu yana haɗuwa amma ba ya buɗe komai; kyamarar bakin get tana mutuwa in an yi ruwa. Waɗannan su ne jarrabawarka, ba sai ka nema a wani wuri ba.

In kai mai wurin ne kawai, ba ka san aikin ba, kada ka ji kunyar ɗauko gogaggen injiniya ya zauna da kai yini guda ka biya shi. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya kasance yana da yaronsa cikin masu neman.

Mataki na biyu: tantance takardar, amma kada ka daɗe a nan

Hoton satifiket a WhatsApp ba shaida ba ne. Cisco da CompTIA suna ba da bajon intanet ta Credly, sai ka ce ya turo maka mahaɗin ka buɗe da kanka. MikroTik ma yana da wajen bincika lambar satifiket a shafinsa. Duba abu uku: sunan ya dace da na katinsa, ranar da ya ci, da ranar da zai ƙare. CCNA da CCNP da Network+ na CompTIA da MTCNA duk shekara uku suke yi. Wanda nasa ya ƙare yana cikin aiki bai yi laifi ba, da yawa daga cikin ƙwararrun da na sani ba su sabunta ba. Wanda ya ɓoye cewa ya ƙare, shi ne ka sami abin lura a kansa.

Akwai ruɗani ɗaya da ke yawan wucewa ba a gane ba. Takardar kammala kwas a Cisco Networking Academy daban, cin jarrabawar CCNA ta Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar wa Cisco jarrabawa, daban. Ta farko tana nufin ya zauna aji ya gama, ta biyu tana nufin ya ci jarrabawar kamfanin. Wasu suna rubuta CCNA a CV da ta farkon kaɗai, wani da gangan, wani bai ma san akwai bambanci ba. Tambaye shi kai tsaye. Haka kuma in ka ga CCNA da CCNP sun zo cikin wata biyu babu wajen aiki ko ɗaya a tsakani, ba hujjar korarsa ba ce, amma ka san inda za ka matsa.

Mataki na uku: kira a waya na minti goma sha biyar

Wannan zai rage maka rabin tarin. Zaɓi layi ɗaya a CV ɗinsa ka bi shi har ƙasa. In ya rubuta ya kafa netwok a wata makaranta, tambaye shi VLAN nawa, wato rukunan da aka raba netwok ɗin zuwa, me ya sa aka raba haka, wa ya saita tirank, layin da ke ɗaukar VLAN da yawa a waya ɗaya, me ya lalace a makon farko. Kasa kunne ga "mun yi" da "na yi". Ba laifi ba ne mutum ya kasance mai riƙe tsani a wajen aiki, kowa daga nan ya fara, amma ya faɗi cewa tsani ya riƙe.

Ga wanda ya ce yana aiki tun kafin 2024, akwai tambayar da ba ta cikin damps ɗin kowa. Ranar Alhamis 14 ga Maris na 2024, ana cikin azumi, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka sami matsala, intanet ya durƙushe a Ghana da maƙwabta, gyara ya ɗauki makonni. Ka ce masa: ranar nan ina kake, me ka fara dubawa, yaya ka gane ba daga wajenku ba ne, me ka gaya wa manaja? Wanda ya kasance a bakin aiki zai ba ka labari da ƙananan abubuwa a ciki, yadda ya bi sawun saƙo da umarnin traceroute ya ga inda hanya ta yanke, yadda ya gwada layin wani kamfani, abin da ya taƙaita don muhimmin aiki ya samu ya wuce. Wanda bai kasance ba zai maimaita maka abin da rediyo ya faɗa.

Sabon ɗalibi daga jami'ar KNUST ko Kumasi Technical University, ko wanda ya gama bautar ƙasa bara, ba shi da irin wannan labari, kuma bai kamata ka nema a wajensa ba. Shi tambaye shi abin da ya gina a laftof ɗinsa da manhajar kwaikwayon netwok irin Packet Tracer ko GNS3 ko EVE-NG, ka ce ya taho da shi.

Mataki na huɗu: takarda da biro

Ranar ganawa, bayan gaisuwa da ruwan sha, fara da farar takarda. Gaya masa tun farko cewa zai iya yin tunaninsa a fili da Hausa ko Twi ko Turanci, duk wanda ya fi masa sauƙi. Zaƙin Turanci ya sha rufe wa masu ɗaukar aiki ido, ba kuma shi ke tayar da layi ba.

Ba shi adireshi ɗaya: 192.168.10.77/26. Ya faɗi farkon sabnet ɗin, wato yankin adireshin da /26 ya keɓe, da ƙarshensa, da na'urori nawa zai ɗauka. Amsa ita ce ya fara daga .64, ya ƙare a .127, na'urori 62, daga .65 zuwa .126. Mai hadda ma zai iya wannan, shi ya sa ba a tsayawa nan. Juya tambayar ta koma ta aiki: muna da kyamarori 50, baɗi za su kai 70, wane girma za ka ba su? Wanda ya fahimta zai ce /26 zai cika, a ba su /25 mai ɗaukar 126. Sai ka jefa masa 172.32.5.1 ka ce adireshin cikin gida ne ko na waje. Da yawa suna ganin 172 sai su ce na gida, alhali na gida daga 172.16 ne zuwa 172.31.

Ga wata da ta fito daga rayuwar yau da kullum. Alhaji zai tafi Umra yana so ya riƙa kallon kyamarorin shagonsa daga Makka. An buɗe hanya a rauta, an yi komai daidai, abu ya ƙi. Da aka duba adireshin da kamfanin intanet ya ba rautar sai aka ga ya fara da 100.64. Me ke faruwa? Amsar da kake nema ita ce wannan ba adireshin waje ba ne na gaske, kamfanin ya tara abokan ciniki da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT, don haka ko an kwana ana buɗe hanya babu mai shigowa daga waje. Mafita ita ce a nemi adireshin waje daga kamfanin, ko a bi ta VPN, keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta cikin intanet, ko ta manhajar masu kyamarar. In bai san sunan abin ba amma ya gano cewa matsalar tana wajen kamfanin, ba shi makinsa.

A ƙarshe ya zana maka netwok ɗin da ya fi sani, ba suna ba adireshi na gaske, ya bi da kai hanyar da saƙo ke bi daga laftof zuwa waje: yadda take samun adireshi daga DHCP, yadda take neman rauta da ARP, yadda DNS ke fassara suna, inda NAT, mai sauya adireshin gida zuwa na waje, ke shiga. Ka riƙa tsayar da shi da "me ya sa". Hadda tana jure "me ya sa" ɗaya, da wuya ta jure uku.

Mataki na biyar: teburin da ka lalata da gangan

Nan ne ainihin ganawar take, sauran duk share fage ne. Duk wanda ya san Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya san masta ba ya tambayar yaro takarda, mota mai ƙin tashi yake nuna masa ya koma gefe ya naɗe hannu yana kallo. Haka za ka yi.

Kayan ba su da yawa: rauta ɗaya irin wadda kuke amfani da ita, siwic ɗaya da ake iya saitawa ko da tsohon Catalyst 2960 ne, AP ɗaya, laftof, wayar konsol, da gajerun wayoyi. In babu, Packet Tracer kyauta ne, amma na'urar gaske ta fi, don kana so ka ga ko idonsa zai kai ga fitilun jikin siwic. Kafa VLAN uku, 10 na ofis, 20 na baƙi, 30 na kyamarori. Tabbatar komai na aiki, ajiye kwafin saitin mai lafiya, sannan ka lalata. Kada ka taɓa ba mai neman aiki netwok ɗinku na gaske ya gwada a kai. Haɗari ne gare ku, kuma sa mutum aikin kyauta ne da sunan intabiyu.

Abin da za ka lalata ya zama hawa-hawa. Na farko mai sauƙi: waya mai yankakken zare a ciki, ko ramin siwic da aka kashe. Na biyu, cire VLAN 20 daga jerin waɗanda tirank ke bari su wuce, yadda laftof ɗin baƙo za ta haɗu da Wi-Fi amma ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254. Na uku, sa adireshin DNS na bogi a cikin DHCP, yadda ping, gwajin ko saƙo na isa, zuwa 8.8.8.8 zai tafi lafiya amma babu shafin da zai buɗe. Na huɗu shi ne wanda na fi so, don ya fi kowanne faruwa a ofisoshinmu: ɗauko ƙaramar rautar gida ka cusa ta a ƙarƙashin tebur ta ramin LAN, ta riƙa raba adireshinta na 192.168.0 tana rige-rige da ta gaske. Kowane ofis yana da ma'aikacin da ya taɓa kawo irin wannan daga gida don Wi-Fi ya kai kujerarsa.

In babban injiniya kake nema, ƙara ɗaya mai nauyi. Rautoci biyu masu OSPF, tsarin da suke musayar hanyoyi da shi, da aka saɓa musu MTU, wato iyakar girman saƙo, sai su maƙale a matakin EXSTART ko EXCHANGE su ƙi gama gaisawa. Ko jerin ACL, dokokin abin da zai wuce da wanda za a hana, da aka juya layukansa, tare da hanin da ke ɓoye a ƙarshen kowane jeri. Ko waya ɗaya da aka sa kanta biyu a ƙaramin siwic marar STP, tsarin da ke hana saƙo zagayawa ba iyaka, fitilu duka su kama ƙiftawa tare kamar ana biki, netwok ya shaƙe.

Ba shi minti 45. Kada ka faɗa masa matsala nawa ce. Yi masa magana irin ta ma'aikaci: "Malam, baƙi na cewa Wi-Fi ba ya yi." Shi ke nan. Bar shi ya yi amfani da alamar tambaya da ke jero umarni a cikin na'ura, ya buɗe Google in yana so, don a wajen aiki ma haka zai yi. Abin da kake kallo shi ne abin da ya rubuta a wajen binciken. Wanda ya rubuta ainihin saƙon kuskuren ya san inda ya dosa. Wanda ya rubuta "intanet ba ya aiki" bai fara ba tukuna.

Minti uku na farko sun fi sauran arba'in da biyun faɗa maka gaskiya. Wanda ya iya aikin yana fara tambaya kafin ya taɓa komai. Tun yaushe? Kowa ne ko mutum ɗaya? Masu waya ma haka, ko masu Wi-Fi kaɗai? Me aka canja jiya? Sai ya sunkuya ya dubi fitilu, ya buga ipconfig /all ya karanta a natse. In ya ga 169.254 za ka ji ya ce, "To, ba ta sami DHCP ba," ya fara bin hanya baya: AP, rami, tirank. Ya buga show vlan brief, ya buga show interfaces trunk, ya tsaya a kan layin da 20 ya ɓace. Yana canja abu ɗaya, ya gwada, sannan ya wuce na gaba. In ya ga adireshin da bai dace ba, zai dubi wace na'ura ce ta ba da shi, ya ɗauki lambar MAC ɗinta, lambar shaidar na'urar a netwok, ya neme ta da show mac address-table har ya kai ga ramin, ya bi wayar da hannu zuwa ƙarƙashin tebur. In ya ƙara da cewa a kunna DHCP snooping, saitin da ke hana baƙuwar na'ura raba adireshi, don kada a sake, ka sami mutum.

Wanda bai iya ba shi ma a fili yake. Yana zama sai ya kashe ya kunna. Bai yi ba, ya nemi tsinke zai danna maɓallin goge komai. Ko ya rubuta wa laftof adireshi da hannu, shafi ya buɗe, ya miƙe yana murmushi an gyara, alhali baƙo na gaba da zai shigo yana nan cikin matsalar. Mafi haɗari shi ne wanda ke kashe katangar tsaro ko ya rubuta permit ip any any don abu ya wuce, ya bar shi haka. Wannan zai gyara maka yau ya bar ƙofa a buɗe har ranar da ɓarawo zai gano.

In ya maƙale minti goma, ba shi ɗan haske, ka rubuta cewa ka ba shi. Yadda mutum ke karɓar taimako ma gwaji ne: wani zai kama zaren ya ci gaba, wani zai tsaya gardama. Kuma kada ka ɗaure makin a kan gamawa. A wajena wanda ya gano biyu cikin huɗu ta hanya mai tsari, ya ce "wannan na ukun ban sani ba, amma ga inda zan duba," ya fi wanda ya gama huɗu da laluben sa'a. Hannu na rawa ba komai ba ne, kowa na jin tsoron a tsaya a kansa. Da ya gama, duba ko ya adana saitin. A Cisco in bai buga copy running-config startup-config ba, dumsor na farko, wato ɗaukewar wuta, zai shafe duk wahalarsa.

Mataki na shida: waya, wuta da ruwan sama

Wannan gajere ne amma kada a tsallake, sai dai in aikin ba ya fita daga kujera. Miƙa masa wayar netwok da kan da ake sa mata da abin matsewa ya haɗa, ka sa a testa. Ya jera launukan T568B ba tare da duba wayar hannu ba: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa. Tambaye shi iyakar tsawon wayar tagulla, mita 100 ne. Ba shi guntun wayar CCA, wadda alminiyon ne aka shafa wa tagulla, ka ga ko zai kankare ya gane, don kasuwa cike take da ita kuma ita ke kashe kyamarorin da ke nesa. Ya san PoE, wutar da siwic ke ba na'ura ta wayar netwok, na 802.3af wat 15.4 ne, na 802.3at wat 30, kuma siwic yana da jimillar da ba ya wucewa ko da ramuka sun rage.

Sai tambayar damina: gini biyu ne a fili ɗaya, me za ka ja a tsakaninsu? Wanda ya taɓa ganin abin da tsawar Kumasi ke yi wa siwic zai ce faiba, ba tagulla ba, ya kuma tambaye ka ko rak ɗin yana da wayar ƙasa da UPS mai batir mai rai.

Mataki na bakwai: amana

Wanda za ka ɗauka zai riƙe kalmar sirrin komai, zai iya ganin abin da ke wucewa a layin kowa. Ka ce masa: reshenmu na Tamale, kana nan Kumasi za ka canja saitin rautarsu da dare, yaya za ka yi kada ka kulle kanka a waje? Amsa mai kyau tana da kwafin ajiya kafin a taɓa komai, da sanar da mutanen reshen, da hanyar komawa baya. A Cisco reload in 10, yadda in ya yanke kansa na'urar za ta tashi da tsohon saiti. A MikroTik Safe Mode. A Juniper commit confirmed. Tambaye shi kuma bambancin switchport trunk allowed vlan 30 da wanda aka sa add a ciki. In ya yi dariya kafin ya amsa, ya taɓa gani da idonsa yadda rashin kalmar nan ke share sauran VLAN duka.

In mai nema ya buɗe laftof zai nuna maka saitin tsohon wajen aikinsa da adireshi da kalmomin sirri don ya burge ka, dakatar da shi, ka kuma sani naka ma haka zai yawo da shi. Kai ma akwai naka nauyin: CV da kwafin katin mutane bayanan sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ba abin turawa a guruf ba ne.

Kafin ya tashi, kira wani daga ofis wanda bai san komai a harkar ba, ko Hajiya mai kula da kuɗi, ya yi mata bayanin abin da ya lalace a teburin cikin minti biyu. In ta gane, zai iya zama da ku. In ya cika ta da haruffa yana kallonta sama-sama, za ku sha rigima ko da ya iya aiki.

Mataki na takwas: maki, da ɗan ƙanwar Alhaji

Shirya takardar maki tun kafin ranar: fahimtar tushe, tsarin bincike, aikin hannu, taka-tsantsan, da bayani. Kowanne daga 1 zuwa 4, babu na tsakiya da za a ɓuya a ciki. Kowane mai ganawa ya rubuta nasa kafin a buɗe baki, in ba haka ba duk ɗakin zai bi ra'ayin babba.

Takardar nan tana da wani amfani da duk ɗan zango zai gane. Da an ji kana ɗaukar ma'aikaci, waya za ta fara ƙara. Bayan sallar Magariba wani dattijo zai riƙe hannunka: "Ɗana, yaron nan ɗan ƙanwata ne, yana da takardun Cisco, ka duba mana shi." Ba za ka ce a'a ba, bai ma kamata ba. Amsar ita ce, "To Baba, in sha Allahu. Ya zo ranar Talata tare da sauran, abin da za a ba kowa shi za a ba shi." In ya ci, ka ɗauke shi da farin ciki, babu mai cewa alfarma ce. In bai ci ba, ka je da kanka har gida, ba a waya ba, ka ce, "Baba, yaron yana da ƙoƙari, ga wuri biyu da ya rage masa, in ya gyara ƙofa a buɗe take." Dattijo zai fi karɓar wannan a kan shiru da kauce-kauce. Tebur ɗaya, lokaci ɗaya, maki ɗaya ga kowa, har da mata masu nema, waɗanda sau da yawa ake yi wa tambayar ko za su iya hawa tsani maimakon a miƙa musu wayar konsol.

Bayan an zaɓa

Kira wajen da ya bari, ka nemi wanda ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shi, ba manaja kaɗai ba. Tambaya biyu sun isa: da ya tafi ya bar muku kalmomin sirri da zanen netwok a rubuce? Za ku sake ɗaukarsa?

Dokar ƙwadago ta 2003, Act 651, ta ce aikin wata shida ko fiye sai da yarjejeniya a rubuce, don haka rubuta tsawon lokacin gwaji a ciki, da abin da kake so ka gani kafin ya cika. Aikin farko da ya fi dacewa shi ne ya zana netwok ɗinku duka, ya sa wa kowace waya lamba, ya ajiye kwafin saitin kowace na'ura a inda kai ma kake da mabuɗi.

Waɗanda ba a ɗauka ba, kira su ka faɗa wa kowa abu ɗaya takamaimai da zai koma ya koya, tirank ne ko DHCP ko sabnet. Sannan kafin zagaye na gaba ka mayar da teburin kan saitinsa mai lafiya ka lalata wasu wurare daban, don matsalolin da ka sa yau, kafin Isha'i an gama tattauna su a majalisar ataya daga Aboabo har Sawaba.